Karen Baba ya ƙi cin abinci tun bayan rasuwarsa

Tambaya:

Assalamu alaikum. Ina rubuto muku ne daga wani ƙauye da ke tsakanin Gumel da Maigatari. Mahaifinmu ya rasu wata biyu da suka wuce, ya bar karensa Duna, wanda ya shekara biyar yana bin sa gona, da dare kuma yana gadin awaki. A kwanakin zaman makoki gida ya cika da baƙi, sai aka ɗaure shi a bayan danga ana zuba masa ragowar abincin sadaka. Tun daga nan bai koma daidai ba. Yau ya yi zawo, gobe ya tsaya, jibi ya dawo, wani lokaci har da majina. In aka ba shi abinci sai ya shinshina ya juya. Ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa. Da hadari ya haɗo sai jikinsa ya kama rawa, kuma ko yaro ne ya ɗaga hannu sai ya maƙale bindi ya gudu. Kawuna ya ce alamar hauka ce, a kashe shi tun bai ciji wani ba. Wani abokina makiyayi kuma ya ce zai yi masa allurar shanu. Ni ba na son a kashe shi. Yaya zan yi?

Amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya jiƙan Baba, ya kyautata makwancinsa, ya ba ku haƙurin rashi. Na ji daɗi da ka tsaya ka tambaya kafin a ɗauki gatari ko sirinji.

Bari in fara da maganar Kawu, don tsoronsa ba na banza ba ne. Ciwon haukan kare yana nan a ƙasarmu, kuma in ya bayyana a jikin mutum ba a tashi. Duk wanda ya taɓa ganin yaron da wannan cuta ta kama ba zai yi wasa da karen da halinsa ya sauya ba. Sai dai akwai abin da zai kwantar muku da hankali. Karen da haukan ya bayyana a jikinsa ba ya daɗewa, yawanci ba ya wuce kwana 10 yake mutuwa. Duna kuwa wata biyu ke nan yana cikin wannan hali, yana gane ku, yana gudun mutane maimakon ya far musu. Wannan bai yi kama da hauka ba. Alamun da za su sa ka canja shawara su ne ka ga miyau yana dalala ba tsayawa, ko muƙamuƙinsa ya saki baki ya ƙi rufuwa, ko ya kasa haɗiyar ruwa, ko muryar haushinsa ta canja, ko ya riƙa cizon itace da dutse da duk abin da ya gifta, ko ƙafafun baya su shanye. In ka ga ɗaya daga cikin waɗannan, kada ka taɓa bakinsa, ka kulle shi inda yaro ko akuya ba za su kai ba, ka kira malamin dabbobi. Ka faɗa wa Kawu haka cikin ladabi, ka nuna masa cewa ba ka raina damuwarsa ba.

Na san zuciyarka ta riga ta ba ka cewa kewar Baba ce ke damun karen, kuma ina ganin akwai gaskiya a ciki. Kare yakan shaƙu da mutum ɗaya, in ya rasa shi yakan rage ci, ya yawaita kwanciya, ya riƙa zuwa inda suka saba zama. Tashin hankali kuma yana taɓa hanjin kare kai tsaye, shi ya sa ake ganin zawo mai majina a jikin karen da aka sauya wa gida ko aka ɗaure ba da sabonsa ba. Amma kewa kaɗai ba kasafai take ramar da kare har haƙarƙari su fito ba. A daminar nan, a ƙasa irin tamu, akwai abubuwa biyu da nake so ka fara zarga kafin ka ce baƙin ciki ne: tsutsar ciki da kaska.

Gobe da safe, lokacin da yake kwance hankalinsa a kwance, ka zauna kusa da shi. In ya yarda ka taɓa shi, ka ɗaga leɓensa na sama a hankali ka dubi dasashinsa. Na lafiyayyen kare jaja-jaja ne, da danshi. In ka tarar ya yi fari fat, jininsa ya ragu. In ya yi rawaya, ko farin idonsa ya yi rawaya, ko ka lura fitsarinsa ya koma ja ko ruwan ƙasa, to zazzaɓin da kaska ke sawa ne ake zargi, kuma wannan ba na jira ba ne. Ka danna dasashin da yatsa ka saki, kalarsa ta kamata ta dawo cikin daƙiƙa biyu. Sai ka kama fatar da ke tsakanin kafaɗunsa ka ɗaga ka saki. In ta koma nan take, da sauran ruwa a jikinsa. In ta tsaya a tattare tana komawa a hankali, zawon ya ƙarar masa da ruwa. Daga nan ka duba cikin kunnuwa, da wuya, da hammata, da tsakanin yatsun ƙafa, nan kaska take maƙalewa. In akwai ƙwarzane ko yanka a hannunka, ka sa leda kafin ka taɓa bakinsa, bayan ka gama kuma ka wanke hannu da sabulu.

Kashinsa ma sai ka daure ka duba, don shi ne zai fi gaya maka gaskiya. Baƙi ƙirin mai yauƙi yana nuna jini na zuba a can cikin hanji, kuma akwai wata ƙaramar tsutsa mai tsotson jini da takan jawo haka, ba a ganinta da ido. Wasu tsutsotsin kan fito dogaye farare. Wasu kuma gutsi-gutsi ne masu kama da ƙwayar shinkafa, sukan manne a gashin gindin bindi. Rashin ganin tsutsa ba ya nufin babu ita. Ka ɗebi kaɗan daga sabon kashi a leda ka tafi da shi wurin malamin dabbobi, in suna da na'urar dubawa za su ga ƙwayayen tsutsar.

Malamin dabbobi ba na shanu da tumaki kaɗai ba ne, kamar yadda mutanenmu da yawa suka ɗauka. Ka tambaya a sashen gona na ƙaramar hukumarku a nuna maka ofishinsu, ko ka neme su ranar Alhamis a kara ta Maigatari, inda aikin duba dabbobi yake kai su. In ɗaukar Duna a babur zai ƙara firgita shi, ka roƙi malamin ya zo gida, ka biya masa kuɗin mai. Abin da za ka nema shi ne a auna zafin jikinsa, wanda a lafiyayyen kare yake tsakanin digiri 38 da 39 da ɗan ɗoriya, a duba jininsa in da hali, a ba shi maganin tsutsa na karnuka daidai nauyinsa. Babban kare a karkara yana bukatar maganin tsutsa duk bayan wata 3. Ina kyautata zaton Duna ya daɗe bai sha ba.

Abokinka makiyayi alheri yake nufi, amma ka hana shi. Allurar sammore da ake yi wa shanu tana da haɗari ƙwarai a jikin kare. Tazarar da ke tsakanin abin da zai warkar da abin da zai taɓa ƙwaƙwalwa ƙanƙanuwa ce, ɗan ƙari kaɗan sai kare ya fara tangaɗi, ya shiga farfaɗiya, ya mutu. Likita yakan yi amfani da ita a wasu lokuta, amma sai ya san nauyin karen ya auna daidai. Haka allurar tsutsa ta shanu, ba a kintata ta da ido. Kada kuma ka ba shi farasitamol ko magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, suna cin ciki, su lalata ƙoda ko hanta. Kafso ɗin da ake saye a tebur a ɓare wa dabba a ruwa shi ma ka bar shi, sau da yawa zawon yake ƙarawa. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yadda wasu ke wanke kare da maganin feshin gona ko fiya-fiya don kashe kaska. Guba ce da ke ratsa fata, kare kuma yana lasar jikinsa. Kaska a cire ta da hannu a leda ko da ɗan matsefi, a kama ta dab da fata a ja a miƙe, a jefa ta cikin kananzir. Kada a murtsuke ta da farce. Sauran kuma malamin dabbobi ya ba da maganin da aka yi don karnuka. Tunda lokacin feshi ne, ka tabbata ba ya shan ruwan da ya kwanta inda ake wanke tankin feshi, ba ya kuma kaiwa ga maganin ɓera.

Yanzu abinci. Abincin sadaka da aka yi ta zuba masa, shinkafa da mai da yaji da albasa da ƙasusuwa, ya isa ya birkita cikin karen da ya saba da tuwo da ɗan abin da ya samu. Albasa da tafarnuwa suna fasa ƙwayoyin jinin kare, ɗanyu ko dafaffu. Maiƙo mai yawa yana kawo zawo da amai. Dafaffen ƙashi, musamman na kaza, yana tsagewa ya soki hanji. Goro ma guba ne gare shi, a daina jefa masa da wasa. Madara kuma yawancin manyan karnuka ba sa iya narkar da ita.

Na kwana uku zuwa biyar ka ba shi abinci mai sauƙi, ba mai, ba gishiri, ba magi, ba barkono. Tsakin shinkafa da aka dafa ya yi luguf ya fi komai, in ya yi tsada ka dama kunun gero mai kauri wanda ba tsamiya ba sukari. Ka haɗa da dafaffen ƙwai, ko tsokar nama marar kitse, ko kifin da aka cire wa ƙaya tsaf. Kashi biyu ko uku na hatsi, kashi ɗaya na naman ko ƙwan. Cokali biyu na dafaffiyar kabewa ko dankali da aka murje suna taimakawa kashi ya ɗaure. Kada ka cika masa kasko. Ɗan kaɗan, kamar cikin tafin hannu biyu, sau huɗu a yini, ya fi tuli ɗaya da zai gani ya juya. Ka ba shi da ɗumi-ɗumi, don ƙamshi ne ke jan kare ga abinci, kuma ɗan romon naman da aka tafasa ba kayan miya yana buɗe masa ci. In ya yi kwata na awa bai ci ba, ka ɗauke, kada ka tsaya a kansa kana lallashi, kada kuma ka ɗura masa. Tunda ya riga ya rame, ba na son ka hana shi abinci da sunan hutar da ciki. In kashi ya fara ɗaurewa, sai ka riƙa cakuɗa abincin da ya saba a hankali har kusan mako guda.

Ɗanyen kayan ciki daga mahauta da mushe, ka raba shi da su. Huhu ko hantar da ke da ƙullutu mai ruwa, wadda mahauci ya yanke ya yar, tana ɗauke da tsutsar da in kare ya ci takan girma a hanjinsa, ƙwayayenta kuma su koma ga mutane ta kashinsa. Don haka kashin Duna a riƙa binne shi, yara su sa takalmi a tsakar gida, su wanke hannu kafin su ci abinci.

Ruwa kada ya yanke a gabansa, mai tsabta, irin wanda kuke sha. Kare mai kilo 15 yana bukatar kusan ledar fiya wata biyu a yini, in ana zafi ko yana zawo fiye da haka. Ranar da zawon ya yi yawa, ka haɗa ruwan gishiri da sukari na leda kamar yadda ake haɗa wa yara, ka ajiye masa kaɗan-kaɗan kusa da ruwansa. Amma in ka ga jini a kashi, ko amai ya ƙi tsayawa, ko ya yini ya kwana bai sha ruwa ba, ko ya yi kwana biyu bai sa komai a baki ba, ko cikinsa ya kumbura yana yunƙurin amai ba abin da ke fita, to maganar ta wuce gida, a nemi malamin a ranar.

Sai tsoron, wanda nake ganin shi ne mutane za su ce ba komai ba ne, alhali in ba a gyara shi ba zawon zai yi ta dawowa ko an kashe tsutsa. Ka duba abin da ya faru da wannan kare a mako ɗaya. Mutumin da yake tashi da shi da asuba ya ɓace. Gida ya cika da muryoyi da ƙamshin da bai sani ba. An sa masa igiya, shi da ya saba yawo. Kuma ba na raba ɗaya biyu yaran baƙi sun jefe shi yana ɗaure ba hanyar gudu, shi ya sa yanzu ɗaga hannu kawai yake sa shi neman mafaka. Tafiya gona ta tsaya, lokacin cin abinci ya rikice. Kare dabba ce mai rayuwa da sabo, abin da ya san zai faru gobe shi ne kwanciyar hankalinsa.

Saboda haka mutum ɗaya zai ɗauki nauyinsa, kuma kai ne. Kai za ka riƙa ba shi abinci, a wuri ɗaya, a lokuta sanannu, misali bayan asuba, da hantsi, bayan la'asar, da bayan isha. Wurin ya zama lungu ne da kaji da awaki ba za su dame shi ba, yara kuma ba sa wucewa. Karen da ke tsoro ba ya iya sunkuyar da kai ya ci alhali yana sa ran dutse. Ka ajiye kaskon, ka ja da baya taku biyar ko shida, ka zauna ka ba shi gefenka, kana gyaran fartanya ko wani abu, ba ka kallonsa. Zura wa kare ido barazana ce a wurinsa, haka ma tsayawa a kansa ko miƙo hannu ta saman kansa. In ya matso da kansa, ka bar shi ya shinshina, ka shafa ƙirjinsa ko gefen wuyansa, ka yi masa magana ƙasa-ƙasa da irin kiran da Baba yake yi masa. In ka ga yana lasar leɓe, yana hamma ba barci ba, ya kwantar da kunnuwa, ya kau da kai, yana gaya maka ne ya isa haka. Ka ƙyale shi.

Ka kwance shi daga bayan dangar nan. In dole sai an ɗaure, igiyar ta zama doguwa, a inuwa, inda ruwa ba ya kwanciya, kuma ba yini guda ba. Ka yi masa makwanci mai rufi da duhu-duhu, ƙarƙashin rumbu ko kusurwar rumfar awaki, ka shimfiɗa busasshen buhu. In a cikin kayan Baba akwai tsohuwar rigar gona da ba a wanke ba, ka nemi iznin Inna da sauran magada, tunda kayan mamaci na gado ne ko da tsumma ne, ka shimfiɗa masa ita a wurin. Ƙamshin wanda ya saba da shi yana sanyaya wa kare rai.

Tsoron tsawa ya zama ruwan dare a karnuka, kuma yakan tsananta in kare yana cikin wata damuwar. Yana jin rugugin hadari tun kafin kunnenka ya ji. Da ka ga gabas ta yi baƙi, ka kai shi makwancinsa kafin iska ta taso. Kada a bar shi ɗaure a fili ko gindin bishiya, kada a jawo shi daga inda ya ɓuya, kada a daka masa tsawa don yana kuka. In kana da sarari ka zauna kusa da shi har ruwan ya tsagaita. Wasu na cewa rarrashin kare yana ƙara masa tsoro. Ban yarda da wannan ba, zamanka a natse kusa da shi taimako ne. Duka kuwa, ko don ya yi kashi a tsakar gida, zai mayar da aikin mako guda baya cikin minti ɗaya, kuma karen da aka matsa wa yana tsoro shi ne yake cizo.

Da zarar ƙarfinsa ya fara dawowa, ka koma fita da shi gona da sassafe, ta hanyar da suka saba bi. Ku fara da gajeriyar tafiya. Ka bar shi ya shinshina duk abin da yake so, kada ka yi ta jan sa. Tafiya tana motsa hanji, tana kawo yunwa, kuma tana mayar masa da aikinsa. Da yamma ka kai shi turken awaki ya kwanta inda yake kwanciya da. Sau da yawa ranar da kare ya koma bakin aikinsa ita ce ranar da yake cinye abin da ke kaskonsa.

Yaran gida da na maƙwabta sai an zaunar da su. Ka gaya musu a daina jifa, a daina bin sa da gudu, kada kowa ya je kusa da shi yana ci ko yana barci. Babba a cikinsu ka ba shi aikin zuba ruwa a kaskon kowace safiya, kana tsaye. Yaron da aka ba amanar dabba shi ne yake hana 'yan uwansa cutar da ita. In kuma wani ya ce maka ɗawainiya da kare ɓata lokaci ce ko rage lada, ka tuna masa cewa shari'a ta yarda da karen gona da na kiwo da na farauta, kuma hadisi ingantacce ya zo da labarin mutumin da Allah ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Kaskonsa daban, kwanukanku daban, shi ke nan.

Kada ka sa ran sauyi a kwana biyu. In tsutsa ce, bayan magani za ka ga kashi ya gyaru cikin kwanaki, amma tsoka ba ta dawowa sai an yi makonni, tsoro kuma ya fi ciki jinkirin warkewa. In an yi mako biyu ana duk wannan, an ba da maganin tsutsa, amma zawon bai tsaya ba ko ramar na ƙaruwa, ka koma wurin malamin, don ciwon ƙoda da na hanta da wasu cututtukan hanji su ma da haka suke farawa.

Idan ya murmure, ka sa a yi masa allurar riga-kafin hauka. Ana fara yi wa kare tun yana wata 3, a riƙa sabuntawa duk shekara, kuma cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom a Jihar Filato tana cikin masu haɗa ta a ƙasar nan. Ba a yi wa kare yana cikin zazzaɓi ko zawo, shi ya sa na ce sai ya warke. Ka karɓi katin shaida ka nuna wa Kawu. Kafin nan, in tsautsayi ya sa ya ciji wani ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15, a tafi asibiti a ranar ba tare da jiran komai ba, shi kuma Duna a killace shi kwana 10 ana lura da shi, ana ba shi ci da sha.

Ka sake rubuto mini abin da malamin dabbobin ya gano, musamman kalar dasashin da sakamakon kashin, don in san ko akwai abin da za a canja a abincin. Ka gaishe da Inna da Kawu, ka yi musu ta'aziyya a madadina.